Ɗau-biyu a Gidan Mai Ɗori

Yayana ya karye ne a hanyar Makarfi, ranar kasuwa, yana ɗauke da buhunan barkono a bayan mashin. Saniya ce ta faɗo masa kan titi, ya kauce mata, mashin da kayan suka kwanta masa a ƙafar dama. Kafin labari ya iso ni a shagona na cajin waya a Ikara, mutanen da suka ɗaga shi sun riga sun yanke shawara, sun wuce da shi gidan wani mai ɗori a bayan Hunkuyi. Ba wanda ya tambaye ni. Matar Yaya na da tsohon ciki, Innarmu ba ta iya zaman mota, ƙannenmu mata kowacce na gidan mijinta. Sai aka dube ni. Na rufe shago, na ce wa maƙwabcina mai shayi kwana biyu zan yi in dawo.

Gidan jerin ɗakunan ƙasa ne masu rufin kwano, duk ƙofofinsu na kallon wata bishiyar darbejiya. Kowane ɗaki da karyayye ɗaya da mai jinyarsa. Bazara ce, kwanon nan tun hantsi yake ɗaukar zafi, ɗakinmu kuma taga ɗaya gare shi, ita ma an toshe rabinta da kwali. Aikina in dafa, in wanke, in ɗauki fo in zubar, in tallabe Yaya in ya gaji da kwanciya ta gefe guda. Ko bakin titi na fita sayen ruwan sanyi, sai in ji kamar ana kirana, in dawo da sassarfa. Mutumin da ban taɓa ganin ya wuni a gida ba, ya koma ko ruwa sai na miƙa masa. Abin na cinsa, ni ma yana cina, kuma ba mai gaya wa wani.

Baba mai ɗori tsoho ne mai sanyin magana, hannunsa kuma na da kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Da idona na ga an shigo da mutane a kan ƙyaure, sun fita da sanda, wasu ma ba sandar. Sai dai karayar Yaya ba irin tasu ba ce. Ƙashin ya huda fata ya leƙo a ƙwauri. Baba ya ja, ya mayar, ya shafa man shanu da wani garin magani, ya jera kara ya ɗaure, ya ce kada ƙafar ta motsa sai ya ba da izini. Yaya ya ce, "To, Baba." Daga ranar, duk abin da tsohon ya faɗa amsar ke nan.

Karta ta shigo mana ne ta hannun maƙwabcinmu na ɗakin hagu, wani tsohon direban babbar mota, ɗan Hunkuyi, wanda ya karye a ƙugu. Baba Direba muke ce masa. Tun ranar farko ya ɗaga mana yatsa ya ce shi fa mai salla ne, ba caca a wasansa, ko goro ba a sawa. Mu kuma muka ce ai mu ma Fasto ba zai bar mu ba. Bayan la'asar, in ya idar da sallarsa a kwance, ni da ɗansa mai jinyarsa mu ja tabarminsu, shi da Yaya, a hankali zuwa bakin ƙofa, mu kife tiren abinci a tsakani, a raba.

Wot ce, wadda kowa ya sani. A ba kowa nasa, sauran a kife su a tsakiya, shi ne kasuwa. Ka bi lamba ko ka bi zane, ƙwallo kan ƙwallo, kuros kan kuros. In ba ka da abin bi, ka tafi kasuwa ka ɗauko ɗaya. In katinka ya rage guda, dole ka sanar, ka ce saura ɗaya. Wanda hannunsa ya fara ƙarewa ya ce ya tashi. Baba Direba yakan yi dariya har ƙugun ya soke shi, ya ce a gidan nan dai a karta kawai ake tashi.

A cikin katunan akwai mai lamba biyu, ɗau-biyu. Ka jefa ta, na gabanka ya tafi kasuwa ya kwaso biyu, wasan ya tsallake shi. Ban taɓa zama na yi wa kati guda tunani ba sai a gidan nan, don ba abin yi. Amfaninta a fili yake. Mutum ya ce saura ɗaya, har ya fara gyara baki, ka sakar masa ita, ka ga fuskarsa ta sauya. In kuma wani ne ya jefo maka, kana da taka, ka tare da ita, nauyin ya wuce kan na gaba ya zama huɗu. Mai ita a hannu yana wasa da kwanciyar hankali, ko zamansa daban ne.

Amma tana da halinta. Wanda ka tura kasuwa ba ka san me zai ɗauko ba. Sau da yawa abin da ya rasa tun farkon wasa kai ne za ka ba shi da hannunka. In ku biyu ne kawai, bayan ka jefa ta wasan kanka yake dawowa, in ba ka da na bin ta, kai ma kasuwar za ka bi shi. In kuma ka ce bari ka ajiye ta sai ranar wuya, ta zauna maka a hannu ta tare wuri, kana ƙin jefa ta ko da ita ce kaɗai ta dace. Ni da wuri nake rabuwa da ita, don ba ni da haƙuri. Yaya kuwa ajiya yake yi. Ko a gida haka yake, mutumin da ke ɓoye irin masara a inda shi kansa sai ya nema.

Babban aibinta kuwa a Hunkuyi muka gan shi. Mu a Ikara, in ita ce ta rage maka, ka buga ta ka tashi, shi ke nan. A makon farko Yaya ya yi haka, ya doka ta a kan tire ya ce ya tashi.

"A Ikara ke nan," in ji Baba Direba. "Nan ba a tashi da biyu. In ita ce ta ƙarshe, ta mutu, ba ta cin kowa sai mai ita. Kai za ka je kasuwa ka kwaso biyun."

"Wace irin doka ce wannan, Baba?"

"Ta garin da ka zo ka kwanta."

Yaya ya yi musu har jijiyar wuyansa ta tashi, sannan ya kwashi biyunsa. Bai sake yin kuskuren ba. Shi mutum ne da ake gaya wa abu sau ɗaya.

Ba zan iya cewa ga ranar da ƙafar ta fara wari ba. Da farko na ɗauka ɗakin ne, na wanke komai, na shanya tabarma, na kunna turaren sauro da rana tsaka. Sannan na lura ƙudaje ba sa bin kwanon abinci, ɗaurin suke bi. Zazzaɓi ya soma zuwar masa da yamma, ya sake shi da safe. Kullum Baba mai ɗori zai shigo ya tsuguna, ya kwance, ya goge, ya ƙara magani, ya ɗaure. Yaya ba ya kallo, rufin kwano yake zuba wa ido har a gama.

Wata safiya bayan tsohon ya fita na ce, "Yaya, ƙafar nan tana wari."

"Maganin ne."

"Na san warin maganin. Ba shi ba ne. Mu tafi asibiti a Zariya a duba."

"A duba ko a yanke? Ka taɓa ganin wanda ya shiga can da irin wannan ya fito da ƙafa biyu?"

"Na gani mana."

"Ba ka gani ba." Ya juya kai bango. Can ya ce, "Kuma da wane baki zan ce wa Baba hannunsa bai yi ba? Mutumin da ya haife ni a shekaru, kullum yana tsugunne a gabana."

Na kira Inna a waya. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Kai dai ka bi yayanka, shi ne babba. Muna nan muna addu'a." Fastonmu ya zo daga wajen Malikanchi da wasu matan zumunta, suka kawo tuwo da miyar kuka, suka yi waƙa ƙasa-ƙasa don kada a takura wa maƙwabta. Ina kallonsa yana kai hankici hanci kamar mai share gumi. Da na raka shi waje ya ce in da hali a kai shi asibiti, amma a bi shi a hankali, sannan ya hau mashin ɗinsa. Kowa ya ji warin nan, kowa ya bar mini shi ya tafi. Raina ya ɓaci da su duka, har da Inna, Allah ya yafe mini.

Da na ga magana a ɗaki ba ta ci, sai na tayar da ita a gaban Baba Direba, ana cikin raba kati. Na san rashin kunya ne, da gangan na yi. Yaya ya dube ni, idonsa ya yi ja.

"Kai da ko karta ba ka iya ba, kai ne za ka koya mini yadda zan yi da ƙafata? To, ji nan. Ranar da ka ci ni, ni da kai, ka kira mota."

"Ni ne shaida," in ji Baba Direba, bai ko ɗago kai ba.

Yaya ya faɗi haka ne don ya san tun muna yara ban taɓa cinsa ba. Yana riƙe duk abin da aka jefa a ka, ya san me ya rage a kasuwa, ya san me ke hannunka daga yadda kake riƙon katin. Daga ranar Baba Direba ya daina karɓar nasa rabon, ya koma mai rabawa, mu biyu muke bugawa.

Wannan zaman shi ne mafi muni da na taɓa yi. Ruwan farko ya sauka, ana jin mutane na wucewa gona da fartanya ta bayan katanga. Gonar Yaya ba wanda ya taɓa ta. Mai shayi ya kira ni ya ce masu caji sun koma wani shago. Ni kuwa ina tsugunne gaban tire, ina lissafin ƙwallo da kuros, ƙafar ɗan'uwana na ruɓewa kusa da gwiwata. In na kwanta ɗau-biyu nake gani. Na gwada ajiye ta kamar yadda yake yi, ya tashi ya bar ni da ita a hannu. Na gwada jefa ta da wuri, ya tare da tasa, na kwashi huɗu. Wata rana ya ce saura ɗaya, na buga masa ita har tiren ya yi ƙara. Ya ɗauko biyu, ɗaya a ciki wot ce mai lamba ashirin, wadda ke kiran duk zanen da mai ita ya so. Ya kira tauraro, ya kira ni sakarai, ya tashi. Ni na aike shi kasuwa ya sayo abin dukana.

A ranar na watsar da katunan na fita bayan gida, na tsaya cikin gonar wani ina huci. Na tsani kartar, na tsani ɗakin, kuma a wannan lokacin na tsani Yaya. Na yi tunanin in hau acaɓa in kama hanyar Ikara, duk wanda ya ga zai iya ya zo ya zauna. Ban kai ko bakin titi ba na tuna lokacin juya shi ya yi. Da na dawo na tarar ɗan Baba Direba ya tsince katunan.

Sai wata safiya Baba mai ɗori ya kwance ɗaurin, ya daɗe bai taɓa ba. 'Yan yatsun sun yi baƙi, fatar ƙwaurin ta saki. Na ɗaga kai sai na ga Yaya ba rufi yake kallo ba, ya tokare da gwiwar hannu yana kallon ƙafarsa. Tsohon ya danna babban yatsan ya ce, "Kana ji?" Yaya ya ce, "Ina ji, Baba." Ni na san ba ya ji. Tsohon ma, ina jin, ya sani. Ya mayar da karan, ya ɗaure a hankali, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita.

Da yamma zazzaɓin ya zo da wuri. Na ce a bar wasa yau, Yaya ya ce a ja shi bakin ƙofa. Baba Direba ya raba mana. Wasan ya yi ta tafiya har ya rage shi da biyu, ni da biyu, kuros a sama. Ya daɗe yana kallon hannunsa. Sannan ya jefa bakwai ɗin kuros ya ce saura ɗaya. Na jefa nawa kuros ɗin, ni ma na ce saura ɗaya. Ya ɗaga na ƙarshen ya doka a kan tire.

"Na tashi."

Ɗau-biyu ce, ta kuros. Ko ɗan yaye ya san da ita ake farawa, in kwashi biyu, ya bi da bakwai ya gama da ni.

Baba Direba ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce, "Ɗan Ikara, nan ba a tashi da biyu. Kasuwa."

"Af," in ji Yaya. "Na manta."

Ya miƙa hannu ya kwashi biyu, bai ko duba su ba. Katin da ya rage mini kuros ne. Na ajiye shi a kan tiren. Baba Direba ya ce in faɗa mana, ai sai an faɗa. Na ce na tashi. Ban ji daɗin komai ba. Tausayin Yaya ne ya kama ni har na kasa haɗa ido da shi.

Yaya ya ce in kira masa Baba mai ɗori. Tsohon ya zo ya tsuguna a inda ya saba. Yaya ya gaishe shi da gajiya, ya gaishe shi da ɗawainiya, sannan ya ce, "Baba, yaron nan ne ya dame ni da maganar Zariya. Na yi masa alkawari a kan karta, in ya ci ni zan bi shi. Ga shi ya ci ni, ga shaida. Ba don haka ba, ni ba inda za ni."

Sai a lokacin na gane kara iri biyu ne ya riƙe ƙafar nan, na dawa da aka jera mata da wanda ake yi wa babba, kuma na biyun ya fi ɗauruwa. Tsohon ya sunkuyar da kai yana murza yatsunsa. Ya ce, "To, ai ba a karya alkawari saboda ni. Ku nemi mota tun yau, kada ku jira safiya. Kada kuma ku kwance a hanya, ku bar su su kwance da kansu." Ya dafa kafaɗar Yaya, ya miƙe da ƙyar.

Na samo wata ƙaramar mota a tashar Hunkuyi, aka kwantar da kujerar gaba. Mu huɗu muka ɗauke shi a kan tabarmarsa. Baba Direba ya leƙo daga ƙofarsa ya ce to shi yanzu wa zai riƙa ci, Allah ya sa a dace. Yaya ya ɗaga masa hannu. Har muka shiga Zariya, in mota ta faɗa rami sai ya matse mini wuyan hannu.

A asibitin wata likita ce ta kwance karan. Ba ta yi mana faɗa ba, ni kuwa na so ta yi. Ta tambayi tun yaushe, na gaya mata. Ta ce daga tsakiyar ƙwauri zuwa ƙasa ya riga ya mutu, kuma abin hawa yake yi, in aka ƙara jira ba maganar ƙafa za a yi ba. Ta faɗa wa Yaya haka da Hausa, a gabansa, ba kwana-kwana. Ya rufe ido, ya ce a yanke.

Washegari da rana ya farfaɗo. Mijin ƙanwarmu ya riga ya iso, muna tsaye a kansa. Yaya ya dubi zanen da aka rufa masa, inda ya kwanta shafe a gefen dama.

"Sun bar gwiwa?"

"Sun bari, Yaya."

Ya gyaɗa kai. Leɓɓansa sun bushe, na jiƙa masa da auduga. Ya ce, "Inna ta sani?"

"Tukuna. Yanzu zan kira ta."

"Kada ka gaya mata a waya. Ga wannan zai zauna da ni. Ka je da ƙafarka ka gaya mata."

Na fita. Ba wanda zai kira ni, ba wanda zan juya, kuma ban taɓa jin nauyin tafiya irin na ranar ba. Motar Ikara ta cika da wuri, ni da na so ta daɗe. Ko'ina ya yi kore, masara ta kai gwiwa a gonakin mutane. Na wuce ta gaban shagona ban tsaya ba, na hau acaɓa zuwa ƙauyenmu, na sauka tun daga nesa na ƙarasa a ƙasa.

Inna na zaune a ƙofar ɗakinta da faifai a cinya tana tsintar wake. Ta ɗago ta gan ni, ta leƙa bayana. Na durƙusa na ce ina wuni, ta ce lafiya. Na ce ina gajiya, ta ce ba gajiya. Na gaishe ta da ruwa, na gaishe ta da aiki, na tambayi ƙafafunta, na tambayi matar Yaya da nauyin jiki. Na tambayi awaki. Na tambayi maƙwabta gida-gida, har da waɗanda ba ma shiri da su. Tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, hannunta ya daina tsintar. Na sake cewa ina gajiya.

Ta sauke faifan ta ajiye a ƙasa. Ta ce, "Ka riga ka tambayi wannan. Faɗa mini."